Matuƙan Jirgin Sama Masu Ɗaukar Marasa Lafiya Kyauta

 Yau zan ɗan ɗauke ku daga bakin murhu in kai ku ƙasar Amurka, mu ga wani aikin alheri da waɗansu mutane su ke yi a can. Kada nisan wurin ya sa ku juya shafi. In kun bi ni har ƙarshe za ku ga zancen ya dawo ƙofar ɗakinmu.

Duk wadda ta taɓa jinyar ɗa, ko miji, ko mahaifiya, ta san wahalar ciwo kashi biyu ce. Akwai ciwon kansa, akwai kuma hanyar zuwa wurin likita. Sau da yawa maganin yana nan, likitan ma yana nan, amma tsakaninsu da mara lafiya mil ɗari uku ne, ga kuɗin mota babu, ga jiki ba ya jure jijjigar hanya. To, wannan kashi na biyu shi ne waɗansu matuƙan jirgin sama suka ɗaukar wa kansu. Su kan ɗauki mara lafiya a ƙaramin jirginsu su kai shi garin da asibitinsa ya ke, ba su karɓar ko anini.

DALILIN AIKIN

Za ku ce, ƙasa mai arziki kamar Amurka me ya haɗa ta da irin wannan taimako? Ga dalili. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, ta yi Nijeriya sau goma. Asibitocin da suka shahara a kan manyan cututtuka kuwa a garuruwa ƙalilan su ke. Akwai babban asibitin sankara a Houston ta jihar Tekzas, akwai na yara masu sankara a Memphis, akwai asibitin Mayo a Rochester ta jihar Minnesota. Mutumin ƙauye sai ya yi wuni guda ko biyu a mota kafin ya isa ɗayansu. Mai sankara kuma ba zuwa ɗaya ya ke yi ya huta ba. A kan ce masa ya dawo bayan mako uku, sa'an nan ya sake dawowa bayan wani mako ukun, haka wata da watanni. Ko yana da inshorar lafiya, yawanci kuɗin magani ta ke biya, kuɗin tafiya da na masauki suna wuyansa. Daɗin daɗawa, daga 2010 zuwa yau asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe, ko sun daina kwantar da marasa lafiya a ƙasar.

To, me zai hana shi shiga babban jirgin fasinja? Na farko, tsada. Na biyu, manyan jirage ba su sauka ko'ina. Amurka tana da filayen jirgin sama kamar 5,000 waɗanda kowa ke iya sauka, amma kamar 500 kaɗai jiragen fasinja su ke zuwa. Sauran ƙananan filaye ne a bayan gari, sai ƙaramin jirgi. Na uku, wanda a ke yi wa maganin sankara jikinsa ya kan yi rauni, har murar wani ta iya kwantar da shi. Cunkoson mutum ɗari biyu cikin jirgi ɗaya bai dace da shi ba.

SU WANE NE MATUƘAN?

Yawancinsu mutane ne masu sana'arsu dabam. Akwai 'yan kasuwa, da manoma, da lauyoyi, da injiniyoyi, da tsofaffin matuƙan manyan jirage waɗanda suka ajiye aiki. Da yawa sun koyi tuƙin jirgi ne don sha'awa, kamar yadda wani a nan zai ajiye doki yana kilisa da la'asar. A can mutum ya kan sami lasin tuƙa ƙaramin jirgi in ya kai shekara 17, ya yi aƙalla awa 40 a sama yana koyo, ya ci jarrabawa, aka kuma shaida lafiyarsa. Har da mata a ciki, gama kamar ɗaya cikin goma na matuƙan jirgin Amurka mata ne.

Wannan lasin yana da sharaɗi babba. Doka ta hana mai shi ya ɗauki fasinja don a biya shi. Sabo da haka in ya ɗauki mara lafiya, kuɗin mai da na gyara da na sauka duk daga aljihunsa su ke fita. Bari in ba ku misali. Akwai wani ƙaramin jirgi mai kujera 4 da a ke kira Cessna 172. Ya kan yi kamar mil 130 a awa guda, yana shan mai galan 8 zuwa 10. Tafiyar mil 300, watau ta ɗan ɗara Kano zuwa Abuja, zuwa da dawowa ta kan ci kamar awa 5, mai kuwa galan 40 ko fiye. Wanda ba shi da jirgin kansa haya ya ke yi, kowace awa fiye da dala 100. Ga shi ya bar aikinsa na wuni guda. Sauƙin da gwamnati ta yi masa shi ne a kan lasafta abin da ya kashe cikin kyautar da a ke rage wa mutum haraji a kanta. A 2012 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yarda ƙungiya ta mayar wa matuƙi kuɗin mansa, amma da sharuɗɗa masu tsauri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai matuƙan suka haɗa kai. A 1978 wani ɗan kasuwa mai tuƙa jirgi, Tom Goodwin, ya kafa ƙungiyar AirLifeLine a Sacramento ta jihar Kalifoniya. A 1983 waɗansu matuƙa ƙalilan a Santa Monica suka kafa tasu, wadda yau a ke kira Angel Flight West. Ma'anar Angel Flight ita ce tashin mala'ika, kuma ƙungiyoyi da dama suna amfani da sunan, ko da ya ke kowace da shugabanninta da yankinta. A 1990 aka kafa uwar ƙungiya mai suna Air Care Alliance don ta haɗa kansu.

YADDA A KE SHIRYA TAFIYA

Ku lura da wannan sashe, gama a nan ne za ku ga alherin ba da ka a ke yinsa ba. Mara lafiya, ko nas, ko ma'aikaciyar asibiti mai kula da jin daɗin majinyata, ita za ta sanar da ofishin ƙungiya, yawanci tun saura mako guda. Sai likita ya sa hannu a takarda cewa mutumin zai iya jure tafiyar. Dole ya zama yana iya tafiya da ƙafarsa, yana iya hawa jirgin, yana kuma iya zama a kujera awa biyu ko uku. Jirgin ba motar asibiti ba ne. Babu likita a ciki, babu nas, babu gado, babu ma makewayi. Iska kuma ta kan yi ƙaranci a sama, har doka ta ce in jirgi ya wuce ƙafa 12,500 ya daɗe fiye da rabin awa, matuƙin kansa sai ya shaƙi iskar kwalba. Wanda ke kwance rai a hannun Allah jirgin asibiti na musamman ke ɗaukarsa, wannan kuwa wani aiki ne dabam.

Sa'an nan a kan tambayi nauyin kowane matafiyi, mace ko namiji, kuma ba a so a rage ko laba ɗaya don kunya. Kaya ma a kan ƙayyade su, yawanci kada su wuce laba 50, watau kamar kilo 23, cikin jaka mai laushi. Dalili kuwa, ƙaramin jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, mutane da kaya da mai duk a haɗe. In mutane suka yi nauyi sai a rage mai, in aka rage mai tafiya ta gajarta. In aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa kuwa, yana iya cinye filin bai ɗaga ba.

Daga nan ofis ya sa tafiyar cikin jeri a intanet. Matuƙa su duba, wanda ranar ta yi masa daidai ya ce ya ɗauka. Shi zai buga wa mara lafiya waya su shirya lokaci da wurin haɗuwa. In tafiyar ta yi nisa a kan raba ta zango-zango, kowane zango kamar mil 300, wannan matuƙi ya sauke, wancan ya ɗauka, har zango uku. A filin da aka sauka kuma akwai 'yan sa kai masu mota, maza da mata, waɗanda su ke kai mutum asibiti su dawo da shi. A kan kira su mala'ikun ƙasa. Ba su iya tuƙa jirgi ba, amma in babu su, mara lafiya a bakin fili zai tsaya.

MACEN DA TA GA KUJERU BA KOWA

Ga labarin wata 'yar'uwarmu mace. Sunanta Priscilla Blum, matuƙiyar jirgi ce, kuma ta yi fama da sankarar mama ta warke. Tana ajiye jirginta a wani fili a White Plains kusa da birnin Niyok. Kullum tana ganin jiragen manyan kamfanoni suna tashi suna sauka da mutum biyu ko uku, sauran kujeru ba kowa. Da ya ke ta ɗanɗana wahalar zirga-zirgar neman magani, sai ta ce a ranta, me zai hana a ba masu sankara waɗannan kujeru, tun da jirgin dama can za shi?

Ta haɗa kai da Jay Weinberg, wanda shi ma ya yi sankara ya warke, da Leonard Greene, mai kamfanin ƙera kayan jirgi, wanda sankara ta kashe masa mata. A 1981 suka kafa Corporate Angel Network. A watan Disamba na shekarar aka yi tafiyar farko, aka mai da wani saurayi gida Detroit bayan an yi masa magani a Niyok. Daga ranar zuwa yau ƙungiyar ta shirya tafiya fiye da 60,000. Ku duba fa, matar nan ba ta sayi jirgi ko ɗaya don wannan aiki ba. Ido ta buɗe ta ga abin da ke tafiya a banza, ta kuma cire kunya ta roƙa.

RANAR DA BA A TASHI

Yanzu mun zo ga abin da ya fi muhimmanci. Kowace ƙungiya ta kan gaya wa mara lafiya tun farko cewa ya tanadi wata hanya, ko mota, ko tikiti, ko izinin likita na ɗaga rana, domin matuƙi yana da ikon fasa tafiya ko da an riga an zo fili. Wata za ta ce, wannan ai rashin tausayi ne. To, ku saurara.

A ce matuƙi ya yi waya da wata uwa jiya da dare, ya ji muryarta, ya san watansu biyu suna jiran wannan rana. Da safe ya iso fili ya tarar hazo ya rufe, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa. Da yawon kansa za shi, da sai ya mai da jirgi rumfa ya koma gida ya sha shayi. Amma ga uwa tsaye da jaka, ga yarinya tana kallonsa. Sai kara ta kama shi, ya ji nauyin buɗe baki ya ce a'a, zuciya ta ce masa hazon zai washe a gaba.

Abin da ya sa wannan ya ke da hatsari shi ne, in mutum ya shiga gajimare ya daina ganin ƙasa, jikinsa ya kan yi masa ƙarya. Sai jirgi ya karkata shi yana jin a miƙe ya ke. A 1954 jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba. Aka rufe musu ganin waje, ga malami a gefe. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, in an raba daidai cikin sakan 178, watau ko minti 3 ba su cika ba. Don haka ne a ke da wani lasin na biyu na tuƙi cikin gajimare, wanda ke bukatar ƙarin awa 40 na koyo. Don haka ne kuma ƙungiyoyi da yawa ba su yarda matuƙi ya ɗauki mara lafiya sai ya yi awa 250 yana tuƙi da kansa, waɗansu ma 500, ga shi da awa 40 a ke fara samun lasin.

Duk da haka an yi rashi. Tsakanin 2007 da 2008 jirage huɗu na irin wannan aiki suka faɗi a Amurka, kowanne da asarar rai. A 2010 hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar ta ba ƙungiyoyin shawara uku. Su tabbatar da ƙwarewar matuƙi kafin kowace tafiya. Su gaya wa fasinja gaskiya cewa ba a bin wannan tafiya da dokoki masu tsaurin na jirgin fasinja. Su kuma koya wa matuƙa yadda za su gane nauyin da su ke ɗora wa kansu.

A Ostireliya ma, inda wani ɗan kasuwa Bill Bristow ya kafa irin wannan ƙungiya a 2003, an ga haka. Ran 28 ga Yuni 2017 wani matuƙi ya tashi daga Mount Gambier da wata uwa da 'yarta mai shekara 16, za su ganin likita a Adelaide. Gajimare ya sauko ƙasa, shi kuwa ba shi da lasin tuƙi a cikinsa. Bayan kamar minti ɗaya jirgin ya faɗi, su ukun duka suka rasu. Hukumar bincike ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2019, ta ce matuƙan irin wannan tafiya su kan ji nauyin cika alkawari wanda ba su ji a tafiyar kansu, ta kuma ba da shawara a riƙa duba jirgin fasinja in akwai shi a hanyar. Mutumin nan alheri ya fito yi. Allah ya kiyaye mu da alherin da kara ta ja.

Kada wannan ya sa ku ɗauka aikin banza ne. Dubban tafiye-tafiye a ke yi kowace shekara a sauka lafiya lau. Amma cikin abin da ya sa a ke sauka lafiya har da ranakun da matuƙi ya dubi sama, ya dubi uwa, ya daure ya ce yau ba za mu tashi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

MU FA?

Ba mu da jirgi a bayan ɗaki, amma muna da mata masu naƙuda a ƙauyukan da mota ba ta kwana, kuma mu ma an yi 'yan sa kai a nan. Tun cikin shekarun 1990 aka gwada wani shiri a jihar Kebbi, inda direbobin ƙungiyar NURTW suka yarda su riƙa kai mace asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Daga baya aka yi irinsa a Jigawa, da Katsina, da Zamfara, da Yobe, da Gombe, da Adamawa. Aka koya wa direbobi alamun hatsari da yadda a ke ɗaukar mai naƙuda. Iyali kuɗin mai kawai su ke bayarwa, direban da ya yi aikin kuwa a tasha a ba shi lodi kafin layinsa ya zo.

Akwai bambanci guda da ya kamata mu riƙe. Fasinjan matuƙin Amurka yana iya jira har gobe. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta iya jira, gama cikin awa 2 tana iya rasuwa. Sabo da haka shirinmu ya kamata ya fi nasu ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da na ke roƙonku.

Na farko, da ciki ya kai wata bakwai, ki zauna da maigida ku san motar wa za a kira, ku rubuta lambar wayar direban, ku ajiye kuɗin mai a wurin da ba a taɓawa. Ki sa maigida ya tambaya a tasha su wane ne direbobin da ke irin wannan taimako. Ki kuma nemi izininsa tun yanzu, cewa in abu ya taso ba ya gida, a wuce da ke asibiti ba sai an jira shi ba.

Na biyu, ku tanadi hanya ta biyu. Motar farko tana iya lalacewa, mai ita yana iya yin tafiya. In garinku rafi kan raba shi da asibiti da damina, kuma ungozoma ko nas ta ce haihuwarki tana bukatar kulawa, ki koma wurin dangi kusa da asibiti tun kwanaki ba su cika ba.

Na uku, in tafiyar ba ta gaggawa ba ce, misali ranar awo ko ranar komawa ganin likita, direba ya ce ya gaji, ko tayarsa ba ta da kyau, ko ruwa ya ci hanya, kada ki matsa masa da magiya, kada ki yi masa gori. Ki gode masa ki nemi wata hanya. Kada ki kuma ɓoye masa gaskiyar jikin mara lafiya ko yawan mutanen da za su bi, don ya san abin da zai ɗauka.

Na huɗu, ke da Allah ya hore wa gidanku mota, ki yi irin kallon da Priscilla Blum ta yi. Motar da ke zuwa birni kowace Litinin da kujera biyu ba kowa, akwai maƙwabciya mai kai ɗanta asibiti a wannan hanyar. Ki yi wa maigida magana, ku sanar da mata a unguwa ranar da mota ke tafiya. Ƙungiyoyinmu na adashi ma suna iya ware ɗan wani abu kowane zubi don kuɗin man mai naƙuda.

Wadda a garinsu a ke da irin wannan shiri, ta rubuto mana yadda su ke yi don sauran mata su koya. Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.